Magudanan ruwa da zaizayar ƙasa a Dutse

Magudanan ruwa su ne hanyoyin da ake ginawa ko ake haƙawa domin fitar da ruwan sama daga gidaje da tituna da kasuwanni zuwa rafi ko kududdufi ko fadama. Sun haɗa da rariyar gida, da kwatar bakin titi wadda wasu ke kira lambatu, da kwalbati, da manyan magudanan siminti da ke tattara ruwan unguwanni. A Dutse, babban birnin Jihar Jigawa, da sauran ƙananan hukumomin masarautar, wato Birnin Kudu da Buji da Gwaram da Jahun da Kiyawa da Miga, maganar magudana ba ta rabuwa da maganar yashi. Ruwan da ke gangarowa daga duwatsu yana faɗawa kan ƙasa mai rairayi, ya kwashe ta, ya jibge ta cikin magudana, sannan inda magudanar ta ƙare ya haƙa kwari. Saboda haka kula da magudana a wannan yanki aiki ne na kowace shekara, kuma yana farawa tun daga gindin dutse, nesa da inda ake ganin toshewar.

Yanayin ƙasa da ruwan sama

Sunan garin da sunan jihar sun riga sun bayyana matsalar. An kira garin Dutse saboda duwatsun da suka kewaye shi, kuma tsohon garin, Garu, inda fadar Sarkin Dutse take, yana cikin duwatsun ne. Jigawa kuwa a Hausa tana nufin tudu mai rairayi. Daga Dutse aka nufi arewa wajen Jahun ana ratsa jigayi, tsofaffin tuddan yashi da iska ta tara a zamanin da yankin ya fi yanzu bushewa.

Damina gajeriya ce. Tana kankama a watan Yuni, ta yi ƙarfi a Yuli da Agusta lokacin marka, ta janye a ƙarshen Satumba. Ruwan shekara a jihar yakan kama daga kimanin milimita 600 a arewa zuwa kusan 1,000 a kudu, sai dai yawan ruwan shekara bai kai yadda yake saukowa muhimmanci ga magudana ba. Sau da yawa hadari ɗaya kan zubar da ruwa mai yawa cikin awa ɗaya ko biyu. Lissafin mai sauƙi ne: milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Idan aka yi ruwa na milimita 50, rufin kwano mai faɗin murabba'in mita 100 zai zubo da lita 5,000, wato durom 25. Hekta ɗaya kuma za ta karɓi lita 500,000. A gona mai rairayi da shuka a kanta, ƙasa za ta shanye mafi yawan wannan ruwa. A kan falalen dutse ko kwalta ko kwano, kusan dukkansa gudu zai yi.

Akwai kuma lokacin da ƙasa ta fi rauni, shi ne farkon damina. An kwashe kara da harawa, dabbobi sun cinye abin da ya rage, an share gonaki, iskar bazara ta kwaso yashi da leda ta zuba a kwatoci. Ruwan farko yana samun ƙasa tsirara, shi ya sa ake ganinsa ja jawur.

A arewacin yankin, wajen Miga da Jahun, matsalar iri dabam ce. Can ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce, ruwan kuma na Kogin Haɗeja ne, wanda ke tasowa daga haɗuwar Kogin Kano da Kogin Challawa. Bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwa ya riƙa gudana a kogin har da rani, ciyawar kachala ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa tare da laka. Idan kogi ya kawo, sai ya rasa hanya ya fantsama cikin gonaki da ƙauyuka. Gwamnatin jihar da Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are suna amfani da injinan yashe kogi masu aiki a kan ruwa domin buɗe waɗannan hanyoyi.

Tsarin da aka gada da girman gari

Ginin gargajiya yana da nasa tsarin fitar da ruwa. Soro yana da indararo da ke cilla ruwa nesa da bango. Tsakar gida tana da gangare zuwa rariya, rariya ta fita lungu, lungu ya kai ruwan kududdufi. Kududdufin kuwa ramin da aka haƙi ƙasar gina unguwar ne, don haka duk unguwar da ta girma, wurin ajiye ruwanta ma ya girma tare da ita. A nan ruwa ke tsayawa, laka ta kwanta, sauran ya tsotse ƙasa a hankali ya ciyar da rijiyoyi. Kududdufi yana da nasa aibi, na sauro da faɗawar yara, amma injiniyoyin zamani suna kashe kuɗi masu yawa su gina tafkunan tare ruwa da ke yin wannan aiki ɗaya.

Ranar 27 ga Agusta 1991 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta cire Jigawa daga Jihar Kano, Dutse ta zama babban birni. Ƙaramin gari mai gonaki da dabino ya fara karɓar ma'aikatu da rukunin gidaje. Ginin ya ƙara sauri a zamanin Gwamna Sule Lamido, daga 2007 zuwa 2015, lokacin da aka tattaro ma'aikatun gwamnati zuwa Dutse, aka shimfiɗa tituna masu tagwayen hanya, aka gina filin jirgin sama. Jami'ar Tarayya ta Dutse ta zo a 2011. Unguwanni irin su Takur da Gida Dubu da Yalwawa da Ɗanmasara da Fagoji suka cika. Kowane sabon rufin kwano da kowane daɓen siminti ya rage ƙasar da ke shan ruwa, an kuma cike wasu kududdufai da shara an yanka su filaye. Manyan tituna sun samu magudanai masu kyau, amma unguwanni da yawa da ke bayansu ba su da kwalta balle kwata, kuma daga nan ne yashin ke fitowa.

Yashi a cikin magudana

Ƙarfin da ruwa ke da shi na ɗaukar ƙasa ya dogara da saurinsa. Idan saurin ya ninka biyu, ƙarfin bugunsa yana ninkawa huɗu. A gangaren dutse ruwa na gudu da sauri, yana ɗauke da yashi da tsakuwa. Da ya iso fili ya shiga magudanar da ba ta da gangare sosai, sai saurin ya ragu, ya sauke kayansa, tsakuwa da farko, sannan yashi, laka ce kawai ke wucewa. Masu zana magudana suna ƙoƙarin ba ta gangaren da zai sa ruwa ya yi gudun aƙalla wajen mita 0.6 zuwa 0.75 a daƙiƙa, domin ta riƙa wanke kanta. A shimfiɗaɗɗen wuri samun wannan gangare yana da wuya, kuma ko an same shi, yashin da ke shigowa daga titunan ƙasa yakan fi ƙarfin ruwan.

Magudanar da yashi ya cike rabinta ta yi asarar fiye da rabin aikinta, domin bayan wurin da ya ragu, gurjin yashin da ciyawar da ta tsiro a kansa suna ƙara rage saurin ruwa. Daga nan abin yana ciyar da kansa: ruwa ya rage gudu, yashi ya ƙara kwanciya. Leda da robobin lemo da ledar ruwa suna maƙalewa a bakin kwalbati da ƙarƙashin gadojin shiga gidaje, su zama shinge, yashi ya taru a bayansu. Ruwan da ya rasa hanya sai ya hau titi, ya ci gefen kwalta, ya shiga gidaje. Ginin ƙasa ba ya jure tsayuwar ruwa a gindinsa.

Yashe magudana shi ne babban aikin kula da ita. Kayan aikin sanannu ne: shebur, diga, manjagara, baro, sai tifa ta kwashe. Lokacin da ya fi dacewa shi ne watan Afrilu da Mayu, kafin saukar ruwa, lokacin da yashin yake a bushe, sannan a sake bi a tsakiyar damina, a kuma duba bakin kowane kwalbati bayan ruwa mai ƙarfi. Ana farawa daga ƙasa, inda ruwan ke fita, a yi sama. Idan aka fara daga sama, an buɗe wa ruwa hanya ne zuwa wurin da yake toshe, kuma unguwar ƙasa ce za ta sha.

Kuskuren da aka fi yi, a Dutse da sauran biranen Arewa, shi ne a fito da yashi da shara a tara su a bakin kwatar, a tafi. Matasan unguwa sukan yi aikin gayya da zuciya ɗaya tun safe, amma idan motar kwashewa ba ta zo ba, ruwan farko zai mayar da tulin inda aka ciro shi. Don haka tanadin mota da wurin zubarwa ya kamata ya riga ranar gayya. Yashin da ba shi da ƙazanta yana da amfani wajen cike ramuka, wanda kuma ya haɗu da ruwan masai ko baƙin mai sai a kai shi juji na hukuma. Masu aikin suna buƙatar takalmin roba da safar hannu, saboda fasassun kwalabe da allurai.

Rufaffiyar magudana tana hana mutane zuba shara kuma tana ba masu tafiya a ƙasa wuri, amma ba ta hana yashi shiga, tana kuma ɓoye toshewa har sai ruwa ya yi ambaliya. Idan za a rufe, ana barin marufai da za a iya ɗagawa a tazara kaɗan-kaɗan. Wata dabara mai arha ita ce ramin tarkon yashi, wato a zurfafa wani ɗan sashe a inda titin ƙasa ke haɗuwa da magudana, yashi ya kwanta a nan, a riƙa kwashe shi daga wuri guda maimakon bin tsawon kwatar gaba ɗaya. Tulin yashi da burji da masu gini ke saukewa a bakin titi ma babbar hanya ce ta cika kwata, kuma kewaye shi da bulo ko buhuna ya isa ya rage ɓarnar.

Kwari

Kwari, ko kwazazzabo, yana farawa ne da ɗan zirin da ruwa ya bi, sau da yawa turbar shanu ko hanyar ƙafa ko ramin da aka ɗebi yashi. Da zarar an samu ɗan tsalle a hanyar ruwan, ruwan da ke faɗowa yana haƙa gindin wurin, bakin ya rasa madogara ya rufta. Haka kan kwarin ke ja da baya yana hawa tudu, kowace damina yana matsowa kusa da gonaki da gidaje da maƙabartu. A ƙasa mai rairayi gefunan ma suna zubewa, kwarin ya yi faɗi.

Abin da ya kamata ɗalibi ya lura da shi shi ne magudanar siminti da kanta tana iya haifar da kwari. Ta tattara ruwan unguwa guda, ta ƙara masa sauri, sannan idan kuɗin kwangila ya ƙare a bakin gari, ta sake shi a kan rairayi. A irin wannan wuri kwari kan buɗe cikin damina ɗaya ko biyu, ya dawo yana cin gindin magudanar, simintin ya riƙa karyewa gaɓa-gaɓa. Maganinsa a kai magudana har inda ruwa zai sauka lafiya, a kuma yi mata shimfiɗar duwatsu ko matakala a bakinta domin karya ƙarfin ruwan.

A cikin Dutse, kwarin da ke yankin Ɗanmasara yana cikin waɗanda aka fi sani, kuma gwamnatin Malam Umar Namadi, wanda ya hau mulki a 2023, ta sa aikinsa a ƙarƙashin shirin ACReSAL. Wannan shiri Bankin Duniya ya amince da shi a Disamba 2021 da dala miliyan 700, domin jihohin Arewa 19 da Abuja. Ya biyo bayan shirin NEWMAP na 2012, wanda ya fara da manyan kwaruruwan kudu maso gabashin Najeriya kafin ya faɗaɗa zuwa Arewa. Dukansu biyu an gina su a kan fahimtar cewa ana gyara kwari ne tare da dukkan ƙasar da ke zubo masa ruwa.

Ƙaramin kwari ba ya buƙatar katafila. Ana jera ƙananan shingaye na dutse ko buhunan yashi a cikinsa, kowanne da ɗan lotsawa a tsakiya domin ruwa ya bi ta kai maimakon ya zagaye ta gefe. Yashi yana taruwa a bayan kowane shinge har kwarin ya zama matakala. Inda ruwa ya fi ƙarfi ana amfani da ragar waya da aka cika da duwatsu, wadda ke lanƙwasa idan ƙasa ta motsa ba tare da ta tsage kamar siminti ba, kuma dutse ba abin nema ba ne a Dutse. Bayan haka sai shuka. Manoma sun daɗe suna dasa gamba a iyakar gona, jema tana da saiwa mai zurfi da ke riƙe gaɓa, akwai kuma tsiron da ake kira kashe-kwari saboda wannan aiki nasa, ko da yake yana da illa ga dabbobin da suka ci shi da yawa. A Jamhuriyar Nijar, aikin Keita da aka fara a 1984 a yankin Tawa ya nuna yadda jeren duwatsu da ramukan tare ruwa a kan tudu ke rage ruwan da ke isa kwari. Zuba shara a cikin kwari da nufin cike shi, wanda mutane da yawa ke yi, ba ya tsayar da shi, ruwa yana bi ta ƙarƙashi ya kwashe sharar zuwa gaba.

Kwalbati da gadoji

A kan hanyoyin karkara, kwalbati ne wurin da hanya ta fi rauni. Idan ya toshe ko ya yi wa ruwan kaɗan, ruwa yana taruwa a bayansa kamar madatsa, ya ratsa cikon ƙasar da ke ƙarƙashin kwalta ko ya haye ta kai. Kwaltar kan iya zama a tsaye alhali ƙarƙashinta rami ne. A watan Agusta 2021 ruwa ya karya wata gada a kan hanyar Gwaram zuwa Basirka, mota ta faɗa ciki, mutum 21 suka rasu. A daminar 2022, wadda ta kasance cikin mafiya muni a tarihin jihar, fiye da mutum 100 suka rasu a Jigawa, hanyoyi da dama suka yanke, kuma a ƙaramar hukumar Dutse ruwa ya raba mutanen ƙauyen Karnaya da gidajensu. Alamomin da mai duba hanya ke nema su ne tsagewa ko lotsawar kwalta a kan kwalbati, da rami a gindin bangonsa ta wajen fitar ruwa, da itace ko kara da ya gindaya a bakinsa.

Malalar mai da sauran gurɓatattun abubuwa

Duk abin da ya zube a titi, magudana ce makomarsa. Baƙin mai daga garejin makanikai da masu injin niƙa, ruwan wankin mota, jinin mahauta, ragowar maganin feshi da aka wanke a bakin kwata, duk suna bin ruwa zuwa fadama da kududdufi inda ake shayar da dabbobi ana noman rani. Magudanar ruwan sama ba ta da wurin tacewa. Baƙin mai ana tara shi a durom a sayar ko a miƙa wa masu sake sarrafa shi, wanda ya zube a ƙasa kuma a tsane shi da yashi ko garin katako a kwashe. Haɗa bututun masai da kwata yana kai ƙwayoyin kwalara da taifot cikin unguwa duk ranar da kwatar ta cika. Jigawa ta sha fama da kwalara a 2021, a Oktoba 2022 kuma ta zama jiha ta farko a Najeriya da aka ayyana ta daina bahaya a fili.

Fetur ya fi duk waɗannan haɗari. Yana tasowa a kan ruwa, don haka ruwa yana ɗaukarsa ya yaɗa shi. Tururinsa ya fi iska nauyi, yana kwanciya a wuri mai zurfi irin kwata, yana bin ta zuwa nesa da inda man ya zube, kuma tartsatsi kaɗan ya ishe shi. Daren 15 ga Oktoba 2024 wata tankar fetur da ta taso daga Kano ta faɗi a garin Majiya na ƙaramar hukumar Taura. Man ya malala cikin magudanan bakin hanya, mutane suka taru suna ɗiba, wuta ta tashi. Kwamitin binciken da gwamnatin jihar ta kafa ya ƙirga mamata fiye da 200. An ga irin wannan a wasu ƙasashe: a Gwadalahara ta Meziko a 1992 fetur ya shiga magudanan ƙarƙashin ƙasa ya tarwatsa tituna, ya kashe fiye da mutum 200, a Nairobi ta Kenya kuma a 2011 man da ya bi magudana ya kama wuta a unguwar Sinai.

Ƙa'idar da ma'aikatan kashe gobara ke bi idan mai ya zube ita ce a fara nisantar da mutane, a sa su ta inda iska ke fitowa kuma a kan tudu, a kashe injina da duk wata wuta. Sannan waɗanda aka horar su tare man da yashi ko ƙasa kafin ya kai bakin magudana, su rufe shi da kumfar kashe wuta. Wanke shi da ruwa zuwa cikin kwata yana faɗaɗa haɗarin ne.

Hukumomin da abin ya shafa

Aikin ya rarrabu a hannu da yawa. Hukumar Raya Babban Birnin Dutse tana kula da tsarin gine-gine da tsabtar birnin. Hukumar Kare Muhalli ta Jihar Jigawa, wadda aka fi sani da JISEPA, tana ƙarƙashin Ma'aikatar Muhalli. Titunan jiha da kwalbatocinsu suna hannun Ma'aikatar Ayyuka da hukumar gyaran hanyoyi ta jiha, na tarayya kuma suna hannun FERMA. Ƙananan hukumomi suna da ma'aikatan duba-gari, hukumar SEMA kuma tana shigowa ne bayan ɓarna ta auku. A matakin tarayya akwai Asusun Kula da Muhalli da aka kafa a 1981, wanda jihohi da ƙananan hukumomi ke samun kaso daga cikinsa domin zaizayar ƙasa da ambaliya. Da yake ruwa ɗaya yana iya tasowa daga filin ƙaramar hukuma ya bi titin jiha ya fita ta kwalbatin tarayya, sau da yawa toshewar tana faruwa ne a inda hurumin wata hukuma ya ƙare na wata ya fara. Masu unguwanni da dagatai da hakimai su ne ke kiran gayya, su ne kuma ke sasanta rikicin maƙwabta idan wani ya toshe hanyar ruwa ya juya shi gidan wani.

Kowace shekara kafin damina hukumar NiMet tana fitar da hasashen yanayi, hukumar NIHSA kuma tana fitar da jerin ƙananan hukumomin da ke cikin haɗarin ambaliya. Ƙananan hukumomin Jigawa da ke bakin Kogin Haɗeja suna yawan fitowa a wannan jeri, kuma hasashen yakan fito ne tsakanin farkon shekara da watan Mayu, lokacin da magudanai ke bushe.